Ganga, Wuta da Iri: Yadda Mutanen Kaddo Suka Riƙe Gadonsu

Dattawan Kaddo suna da labarin da suke ba jikokinsu game da mafarin al'ummarsu. Sun ce da can mutane a ƙarƙashin ƙasa suke zaune cikin duhu, har ranar da shugabansu mai suna Wata ya gano wata kafa mai ɓullewa zuwa haske. Ya ce kowa ya biyo shi, amma kada wanda ya waiwaya. Wani tsoho ne ya fara fitowa, wuta da lofe a hannu ɗaya, ganga a ɗaya hannun. Matarsa na biye da shi, ta ƙunso irin masara da na kabewa. Mutane da dabbobi suka yi ta fitowa, sai kyarkeci ya karya doka, kafar ta rufe, saura suka maƙale a ciki. Waɗanda suka fito suka zauna suna kukan 'yan'uwan da aka bari a baya. Shi ya sa ake kiran wurin Chahkanina, wato wurin kuka.

Wanda ya bi tarihin mutanen nan zai ga labarin bai ƙare a bakin kogon da suka fito ba. An tashe su daga ƙasarsu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kowace tafiya an bar wasu a baya, an yi kuka, kuma abin da ya tsira tare da su shi ne abin da hannu ke iya ɗauka da abin da kai ke iya riƙewa. Tarihin Kaddo tarihi ne na yadda aka yi ta miƙa ganga da wuta da iri daga hannun babba zuwa na yaro.

Ƙasar tuddai

Asalin mazaunin Kaddo shi ne yankin Jan Kogi a kudancin Amurka ta yau, inda jihohi huɗu suka yi maƙwabtaka: gabashin Teksas, arewa maso yammacin Luwiziyana, kudu maso yammacin Arkansas, da kudu maso gabashin Oklahoma. Ƙasa ce mai dazuzzuka da fadamu da ruwan sama. Tun wajen shekara ta 800 Miladiyya ake iya gane zamansu a can da irin tukwanensu da gine-ginensu. Manoma ne masu shuka masara da wake da kabewa, suna haɗawa da farautar barewa da kamun kifi. Ba su cunkushe cikin birni mai ganuwa ba. Kowane gida yana tsakiyar gonarsa da rumbunsa, gidajen suna jere tare da kogi har tafiya mai nisa.

Abin da ke haɗa su shi ne tuddan ƙasa da suka tara da hannu, kwando bayan kwando. A kan wasu ake gina ɗakin ibada, a cikin wasu ake binne manya. Kusa da garin Alto a Teksas har yau akwai irin waɗannan tuddai guda uku, a wurin da aka zauna daga wajen 800 zuwa wajen 1300. Babban mai kula da addini, wanda suke kira shinesi, shi ke tsaron wutar da ba a barinta ta mutu, an jera mata itace huɗu masu fuskantar kusurwoyi huɗu na duniya, kuma daga gare ta gidaje ke ɗiban garwashi. Kowane gari yana da shugaba, kahdi, da majalisar dattawa. Ginin gida kuwa gayya ake yi. Shugaba ya sa rana, manzanninsa su zaga su gaya wa kowane gida ya kawo sanda ɗaya doguwa da ciyawa, a kafa, a ɗaure, a baibaye, kafin yamma an gama an zauna cin abincin masu gida.

Sun yi suna a fatauci. Suna dafa gishiri a maɓuɓɓugan ruwan gishiri, suna sassaƙa baka da wani ice mai ƙarfi da ake samu a ƙasarsu, wanda maharba ke nema daga nesa. Amma abin da ya fi fito da su shi ne tukwane. Matan Kaddo suna gina tulu mai dogon wuya da akushi da ƙananan tukwane ba tare da juyi ba, su goge su da dutse har su yi sheƙi, su gasa, sannan su zana musu layuka masu lanƙwasa da kewaye, su cusa jar ƙasa ko fara a cikin zanen. Masana kayan tarihi suna sa tukwanen Kaddo cikin mafi kyau da aka taɓa ginawa a arewacin nahiyar.

Zuwan baƙi

A 1542 ragowar rundunar Hernando de Soto, ƙarƙashin Luis de Moscoso, ta ratsa ƙasar Kaddo tana neman hanyar Meziko. Suka wuce, aka yi fiye da shekara 140 kafin Turawa su dawo da niyyar zama. A lokacin garuruwan Kaddo sun kasu cikin manyan ƙawance uku: Hasinai a gabashin Teksas, Kadohadacho a babbar kwanar Jan Kogi, da Natchitoches a Luwiziyana. Sunan Kaddo ma daga Kadohadacho aka gutsuro shi. Sifaniyawa suka ji Hasinai na kiran abokan ƙawance taysha, wato aboki, suka ɗauka sunan ƙasar ne. Daga wannan kalma aka sami sunan Teksas.

A 1690 Sifaniyawa suka kafa gidan mishan na farko a tsakanin Hasinai. A 1714 Bafaranshe Louis Juchereau de St. Denis ya kafa sansanin ciniki a Natchitoches. Kaddo suka tsinci kansu tsakanin dauloli biyu masu kishi da juna, suka kuwa iya zama da kowa. Sun karɓi dawaki da bindigogi da tufafi, sun sayar da fatu da gishiri, amma 'yan mishan ba su sami mabiya na a zo a gani ba, domin mutanen sun ƙi barin gonakinsu da wutar kakanninsu su tare a gindin coci. Abin da takobi bai yi musu ba, cuta ta yi. Agana da ƙyanda da sauran cututtukan da jikinsu bai saba da su ba suka yi ta shara, annoba bayan annoba, tun daga 1691 har cikin ƙarni na 19. Garuruwa suka zama kufai, ragowar wannan gari su koma cikin wancan. Kuma annoba ba ta zaɓe: tana ɗauke tsohuwar da ta san waƙa tare da jikar da za ta koya.

A 1803 Amurka ta sayi Luwiziyana daga Faransa. Shugaban Kadohadacho na lokacin, Dehahuit, ya yi shekaru yana lallaɓa Amurkawa da Sifaniyawa don mutanensa su zauna lafiya a kan iyaka. Ya rasu a 1833. Shekara biyu bayan haka, ranar 1 ga Yuli 1835, magajinsa Tarshar da sauran manya suka sa hannu a yarjejeniyar da ta miƙa wa Amurka ƙasarsu, kimanin eka miliyan ɗaya, a kan dala 80,000: kaya da dawaki na dala 30,000 nan take, sai dala 10,000 kowace shekara har shekara 5, da sharaɗin su fice daga ƙasar Amurka. A kan wannan ƙasa aka kafa birnin Shreveport.

Suka nufi wurin 'yan'uwansu a Teksas, wadda a lokacin ke ƙarƙashin Meziko. Ba su gama sauke kaya ba Teksas ta ɓalle a 1836, kuma daga 1839 gwamnatin Mirabeau Lamar ta ɗauki manufar korar 'yan asalin ƙasa da ƙarfin bindiga. Kaddo suka yi ta gararamba zuwa yamma har 1855, lokacin da aka tsugunar da su a wani keɓaɓɓen yanki a bakin kogin Brazos. Nan ma suka sare daji, suka shuka masara, suka gina gidaje, mazansu har suna yi wa sojoji jagora a daji. Duk da haka maƙwabtansu fararen fata ba su bar su ba. A ƙarshen 1858 aka auka wa wani zangon mafarautansu suna barci, aka kashe maza da mata. A 1859 wani mai suna John Baylor ya tara mutane da makamai don ya share yankin. Jami'in gwamnati mai kula da su, Manjo Robert Neighbors, ya ga in suka zauna za a gama da su. Ranar 1 ga Agusta 1859 ya ja su cikin tsananin zafi, tafiyar kusan mil 150, suka haye Jan Kogi zuwa bakin kogin Washita a Oklahoma ta yau. Da ya koma Teksas, a watan Satumba aka harbe shi ta baya.

Shekarun ƙunci

Sabuwar ƙasar busasshiya ce, ba ta yi kama da dazuzzukan da suka baro ba. Yaƙin basasar Amurka ya sake tarwatsa su, da yawa suka gudu Kansas, sai wajen 1867 suka dawo. A 1874 ragowar Hasinai da Kadohadacho da Nadako da sauran ƙananan rassa suka dunƙule suka zama al'umma ɗaya. A 1901 gwamnati ta yanka ƙasar da suke zaune, ta ba kowane mutum eka 160, ta buɗe sauran ga baƙi ta hanyar ƙuri'a. A farkon ƙarni na 20 duk Kaddo ba su wuce mutum 500 da 'yan kai ba.

Sai kuma makarantun kwana. Tun 1871 aka buɗe makarantar da daga baya aka sani da Riverside a Anadarko, garin da shi ma sunansa daga Nadako ya fito. Manufar irin waɗannan makarantu a zamanin ita ce a raba yaro da harshensa da shigarsa da al'adarsa. Yaran da aka hukunta don sun yi magana da harshen uwa suka girma suka zama iyaye, da yawa kuma suka zaɓi su yi wa 'ya'yansu Turanci don kada su sha irin wahalar da su suka sha. Babu mai ganin laifinsu, ƙauna ce ta sa. Amma ta nan bango ya tsage.

A cikin wannan ƙunci wasu abubuwa suka yanke. Ginin tukwane ya mutu, domin tukunyar ƙarfe ta shigo, kuma yumɓun da aka sani an baro shi a bakin kogunan gabas. Ɗakin ciyawa ya ba gidan katako wuri. Amma ganga ba ta yi shiru ba. Iyalai suka share filayen rawa a cikin gonakin da aka yanka musu, suna tara dangi duk shekara, irin taron da iyalin Murrow ke yi kusa da garin Binger. A waɗannan filaye ne aka adana tarihin da ba a rubuta ba.

Babbar rawarsu ita ce Rawar Talo-talo. Labari ya ce wani maharbi ne ya ji waƙa a daji, ya leƙa ya ga matan talo-talo na kewaya namijinsu, ya haddace waƙar ya kawo gida. Maza ke zaune a tsakiya kewaye da ganga suna waƙa, mata ke rawa, kowace ta ɗaura dush-toh a ƙeya, ado mai ƙananan madubai da dogayen kintinkiri masu zuba har ƙasa. Waƙoƙin farko kira ne, ana kiran matan kowane reshe da karin harshensa su fito fili. Rassan da garuruwansu suka shuɗe tun ƙarnuka biyu, har yau ana kiran sunansu, kuma ana samun jikokin da ke amsawa. Sauran waƙoƙin suna ba da labarin yaƙe-yaƙe da ƙaura da abubuwan da suka faru. Dole a gama kafin rana ta faɗi, lokacin da talo-talo ke hawa bishiya. Da dare sai a buɗe da Rawar Ganga, inda maza ke ɗaukar gangar suna zaga fili, jama'a na biye, ana tuna fitowar farko daga ƙarƙashin ƙasa. Daga nan sai rawar agwagwa da ta kada da sauransu, har a rufe da rawar asuba. Yarinyar da ke bin bayan kakarta a wannan fili tana karatun tarihi ne da ƙafafunta.

Wutar ma ba ta mutu ba. Babu sauran shinesi, babu ɗakin ibada a kan tudu, amma iyalai sun ci gaba da hura ƙaramar wuta a bakin sabon kabari na 'yan kwanaki, da dafa abincin tunawa da mamaci, ana tara dangi a ci tare.

Komawa ga yumɓu da ciyawa

A 1938 Kaddo suka rubuta tsarin mulkinsu, suka sake shi a 1976, hedikwatarsu tana kusa da Binger. A yau 'yan al'ummar da ke cikin rajista sun haura 6,000. Da ƙafa ta ɗan tsaya, sai hankali ya koma ga abin da aka rasa. Ƙungiyar Hasinai ta riƙa tara yara a sansanin hutun bazara, ana koya musu waƙa da rawa da ɗinkin kayan gargajiya da ladabin zama gaban manya. A 1988 aka kafa Ƙungiyar Al'adun Kaddo don riƙe waƙoƙi da raye-raye. A shekarar ne kuma Vynola Newkumet tare da Howard Meredith suka fitar da littafin da ya tsara tarihin Hasinai bisa jerin raye-rayensu, sannan a 1995 Cecile Elkins Carter, ita ma 'yar Kaddo, ta rubuta tarihin mutanenta daga cikin gida.

A 1991 wasu 'yan ƙungiyar al'adun suka ziyarci wani gidan adana kayan tarihi a garin Idabel. A cikinsu akwai Jeri Redcorn, mace da ta haura shekara 50. Suka tsaya gaban ɗaruruwan tukwanen kakanninsu a bayan gilashi, babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya san yadda ake gina su. Abin ya tsaya mata a rai. Ba ta da malama, don duk maginan sun daɗe da rasuwa. Ta koma ga tukwanen kansu da rubuce-rubucen masu tonon tarihi, ta yi ta gwaji, tukunya na fashewa a wuta tana sake wata, har hannunta ya faɗa. A 2009 aka zaɓi ɗaya daga cikin tukwanenta aka kai Fadar White House. Abin da ya fi wannan daraja shi ne ta koyar. Chase Kahwinhut Earles, wanda ya fara a wajen 2009 da taimakonta, shi da kansa yake haƙo yumɓu a bakin kogi, ya daka ɓawon ƙumba ya gauraya, ya gasa a buɗaɗɗiyar wutar itace kamar yadda aka yi shekara 1,000 da suka wuce, kuma yana koya wa na baya. Raven Halfmoon, haifaffiyar 1991, ta ɗauki yumɓun ta bi da shi wata hanya, tana gina manya-manyan siffofin mata da suka fi mutum tsawo. Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ya ƙara da nasa kuwa gadon ya yi rassa.

Akwai ciwo a cikin labarin tukwanen nan. Yawancinsu daga kaburbura aka tono su. Shekara da shekaru masu neman kuɗi suna farke makwantan Kaddo suna sayar da abin da suka samu. Tsakanin 1933 da 1935 wani kamfani ya yashe babban tudun Spiro a Oklahoma, wanda Kaddo da Wichita ke ɗauka na kakanninsu ne, da zai tashi kuma ya sa masa nakiya. Sai a 1990 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa gidajen tarihi da jami'o'i masu karɓar kuɗin gwamnati su mayar da ƙasusuwa da kayan kabari ga masu su. Kaddo suna cikin waɗanda suka fi dagewa a kan wannan aiki, suna karɓo kakanninsu suna mayar da su ƙasa cikin mutunci.

Ɗakin ciyawa ma ya dawo. A 2016 dattijo Phil Cross, wanda kuma gwanin sassaƙa baka ne, ya jagoranci gina ɗaya a wurin tuddan Alto, tare da almajirinsa Chad Earles da masu aikin sa kai. Ranar 13 ga Afrilu 2019, ana tsakiyar bikin ranar al'adun Kaddo a wurin, guguwa mai ƙarfi ta auko. Ta rushe ginin baƙi, ta yi gaba da ɗakin ciyawar, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni. A 2022 aka sake ta da ɗakin, wannan karo da hannun sababbin almajirai 'yan Kaddo, har da mata. Da Phil Cross ya gina ɗakin shi kaɗai ya tafi, da guguwa ta kwashe komai. Da yake ya koyar, ciyawa da sanduna kawai ta iya ɗauka.

Harshe

Inda raunin ya fi zurfi shi ne harshe. Harshen Kaddo dangin Pawnee da Arikara da Wichita ne, harshe ne da aikatau ɗaya ke iya ɗaukar abin da wani harshen zai faɗa da jimla guda. Masanin harshe Wallace Chafe ya yi shekaru yana zama da Sadie Bedoka Weller da wasu dattawa tun wajen 1960 yana naɗar maganarsu, littafinsa na nahawu da ƙamus ya fito a 2018. Wasu 'yan Kaddo suka kafa gidauniyar Kiwat Hasinay don naɗar dattawa da koyar da yara. Amma masu jin harshen tun daga nono suna ta raguwa, annobar korona kuma ta ɗauke da dama daga cikin 'yan kaɗan da suka rage. A 2022 hukumar al'ummar ta buɗe shirin raya harshe, ta damƙa shi a hannun wata matashiya, Alaina Tahlate, wadda ta riƙa zama da dattawan ƙarshe tana tambaya tana rubutawa, tana kuma karantar da manya da yara a aji da ta intanet. A watan Yuli 2025 Edmond Johnson, mutum na ƙarshe da ya ƙware a harshen tun yarinta, ya rasu yana da shekara 95.

Wannan rashi babba ne, kuma bai kamata a rage masa nauyi da daɗin baki ba. Akwai karin magana da barkwanci da salon gaisuwa da suka bi shi, waɗanda babu na'urar da ta naɗa. Tukunya tana iya jira shekara 500 har wata Jeri Redcorn ta zo, amma harshe numfashi ne, yana son baki da kunne. Duk da haka abin da ya faru da yumɓu da ciyawa ya nuna wa Kaddo cewa abin da ya yanke yana iya ƙulluwa, muddin an bar sawu kuma an sami mai naci. Sawun yana nan: muryoyin da aka naɗa, ƙamus, da ɗaruruwan waƙoƙin da ba a taɓa daina rerawa ba. Masu nacin ma suna nan, kuma yawancinsu matasa ne.

Tsohon da ya fito daga kogo bai ɗauko ƙasa ba, domin ƙasa ba ta ɗaukuwa. Ya ɗauko abubuwan da ke rayuwa sai da kulawa. Ganga sai an kaɗa ta, wuta sai an iza mata itace, iri kuwa in ya daɗe a ajiye ba a shuka ba, ya kan mutu a cikin ƙwarya. Shi ya sa duk bazara, in rana ta karkata a filin rawa na Binger, maza ke zama kewaye da ganga su fara kiran rassan Kaddo ɗaya bayan ɗaya. Kakanni mata su miƙe su gyara dush-toh, su kama hannun jikoki, su shiga fili da su tun rana ba ta faɗi ba.